Yadda Jibirin Masaƙa Ya Koyi Dara

Jibirin ɗan Malam Lukuman na Mainika ya kai shekara arba'in da ɗaya a duniya bai taɓa ɗaukar ɗan dara da hannunsa ba. Ba wai ba a yin ta a garinsu ba ne. Tun yana yaro yake wuce dattawa a gindin tsamiyar bakin kasuwa, sun tona 'yan ramuka a ƙasa, sun sunkuya a kai kamar waɗanda allura ta ɓace musu. Amma gidansu gidan malamai ne. Mahaifinsu bai taɓa cewa haramun ce ba, abin da yake faɗa kawai shi ne mai allo a gabansa ba shi da lokacin tonon ƙasa. Yayansa Abdulmuttalib ya riƙe karatu har ya gaji zauren. Shi kuwa Jibirin yana sauke Alƙur'ani ya bi motar Kano, ya sami aiki a wata masaƙa, ya shekara goma sha tara yana tsaye a gaban inji.

Zamanin tsuke bakin aljihu ne ya dawo da shi gida. A shekarar da sabulu da madara suka koma sai an bi layi, masaƙar ta rasa kayan gyaran injinanta, aka kashe rabinsu, aka sallami rabin ma'aikata. Jibirin ya sauka a bakin titin Gwarzo da matarsa Ladidi, da 'ya'yansu mata biyu, da gadon ƙarfe, da rediyo, da keke. Ya kuma zo da kunnen hagu wanda ƙarar inji ta riga ta cinye. Kafin wata ya zagayo, duk gari Jibirin Masaƙa ake ce masa.

Yayansa ya yanka masa gona daga cikin ta gado. Daminar farko ta ba shi wuya, hannunsa ya yi kanta ya fashe, amma dai ta cika masa yini. Rani ne ya kusa kayar da shi. Yakan tashi da asuba, ya yi salla, ya sa riga ya ɗaura agogo kamar mai shirin fita aiki, sannan ya zauna a bakin gado. Majalisa ba ta yi masa daɗi, don duk wanda ya gan shi sai ya ce, "Malam Jibirin, yaushe za a koma?" Sai ya tsiri hawa keke bayan la'asar, ya bi hanyar Kara har sai ya gaji, ya juyo. Ba wurin kowa yake zuwa ba.

Wata rana ƙaya ta huda masa taya daidai bakin kasuwa. Ya ba mai faci keken, ya matsa inuwar tsamiya yana jira. Wani tsoho ne zaune shi kaɗai a gaban ramukan, yana jujjuya duwatsu a tafinsa. Baba Hammadu ke nan, wanda ya yi fatauci da jakuna tun kafin mota ta yawaita. Abokin wasansa, Dabo mahauci, ya tafi gaisuwar mutuwa Garo.

"Ɗan Malam," in ji tsohon, "zauna ka riƙe mini karan nan."

"Baba, ai ban iya ba."

"Na ce ka iya? Cewa na yi ka riƙe."

Jibirin ya waiga dama da hagu, bai ga kowa daga gidansu ba, ya tattare riga ya zauna. Tsohon ya zuba masa guntayen kara goma sha biyu a hannu, shi kuma ya riƙe duwatsu goma sha biyu. Ya nuna masa ramukan da ɗan yatsa, layi biyar, kowane layi gida shida.

"Da fari zubi ake yi. In sa ɗaya, ka sa ɗaya, har su ƙare. Kada ka jera uku a lokacin zubi. In an gama, sai tafiya: gida ɗaya, gaba ko baya ko gefe. Ba a tsallake, ba a karkacewa. Ka jera uku a layi, ka ɗauke mini ɗa ɗaya. Ka jera huɗu, ka yi aikin banza."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan," in ji Baba Hammadu, yana murmushi.

Kafin mai faci ya gama hura taya, an cinye Jibirin sau uku. Bai ma gane ta inda abin yake zuwa ba. Yana cikin murnar ya kusa jera nasa, sai ya ga hannun tsohon ya miƙo ya tsince masa kara. Ya tashi yana kakkaɓe riga, yana cewa a ransa wannan ai wasan yara ne. Sai dai a hanyar gida ya tsinci kansa yana tunanin wani dutse da aka ajiye a kusurwa tun farkon zubi, wanda ya ɗauka ɓata ne, ashe shi ya rufe masa hanya. Washegari bayan la'asar bai bi hanyar Kara ba.

Babbar matsalarsa hannu ce. Shekara goma sha tara ya yi yana cafke zare da zarar ya tsinke, don haka hannunsa yakan riga kansa tafiya. Baba Hammadu ya gaji da faɗa, ran nan ya ce, "Ɗaga cinyarka. Sa hannun a ƙasa. To, zauna a kai." Haka magidanci mai 'ya'ya biyu ya zauna a kan hannunsa na dama a bakin kasuwa, mutane suna dariya, ba ya zaro shi sai ya faɗi da baki abin da zai yi da dalilinsa.

"Naka kake kallo," tsohon yakan ce. "Naka ba za su gudu ba. Dubi nawa. Ina wannan yake son zuwa?"

"Nan."

"To me ya sa ka bar masa ƙofa?"

A wannan ranin ne aka fara hawa masa doki. Doki shi ne a shirya 'ya'ya yadda ɗa ɗaya zai riƙa kai da komowa tsakanin gida biyu, ya je ya cika uku, ya dawo ya cika uku, kowace tafiya da ci. Dabo mahauci ne ya yi masa, kuma Dabo ba ya ci shiru. Kowane kara ya ɗauka sai ya ɗaga shi sama ya ce, "Masaƙa, an sallami wani!" Jama'a suka yi ta dariya. Jibirin ya ji maganar har cikin ƙashinsa, ya miƙe zai tafi. Baba Hammadu bai ɗago kai ba ya ce, "In ka tashi yanzu, gobe ma da wannan zai tare ka. Zauna ka ga yadda ya ɗaura dokin." Ya koma ya zauna. Tsohon ya mayar da 'ya'yan yadda suke tun zubi, ɗaya bayan ɗaya, bai manta ko guda ba, ya nuna masa daidai inda ya yi sake.

A gida kuwa, Ladidi ta fara ganin zane-zanen gawayi a daɓen tsakar gida. Ta share, washegari ta tarar da sabo, da 'ya'yan tsamiya a jere a kai.

"Malam, yanzu kai da girmanka? In Yaya Malam ya gani fa?"

"Lissafi nake yi."

"Lissafin me? Ɗaga ƙafarka in yi shara."

Yaya Malam ya ji labari, ba shakka, don ba abin da yake ɓoyuwa a Mainika. In sun haɗu a masallaci da magariba, yakan dubi ƙurar da ke gwiwar wandon ƙaninsa, ya kau da kai.

Sai a rani na biyu Jibirin ya ci Dabo. Baba Hammadu kuwa sai da aka shekara huɗu. Ranar da abin ya faru, tsohon ya daɗe yana kallon ramukan, duwatsunsa biyu kacal suka rage. Can ya laluba aljihu ya ciro goro fari, ya ɓare, ya miƙa wa Jibirin ɓari mafi girma.

"Sake zubawa," ya ce. Tsohon kuwa ya cinye shi sau biyar a jere kafin kiran salla.

Waɗannan shekarun su ne Jibirin ya fi yawan ba da labarinsu daga baya. Rayuwa ta yi tsada, taki ya gagari talaka, kuma kusan kowane wata sai wani ya sauka daga motar Kano ko ta Kaduna da katifarsa a naɗe. Da yawansu a gindin tsamiyar nan suka fara sakin jiki. Aka ƙara tona ramuka har wuri huɗu. Ba a tambayar kowa yaushe zai koma. In sabon zuwa ya tsaya daga nesa yana kallo, Jibirin ne yake matsawa ya ba shi wuri. A nan kuma ya koyi noma na gaskiya, don tsakanin wasa da wasa ake zancen irin gyaɗar da ke jure fari da lokacin da ya kamata a yi wa dawa huɗa.

Ranar kasuwar Garo kuwa, yakan goya Baba Hammadu a bayan keke su tafi, tsohon yana riƙe da jakar duwatsunsa, yana yi masa faɗan ya bi a hankali. Mutanen Garo suna da nasu gwanayen, kuma suna ji da kansu. A yi ta bugawa daga azahar, 'yan kallo sun yi da'ira, mai rake yana yanka, kowa yana ba da shawarar da ba a tambaye shi ba. Ko an ci ko an sha kashi, a hanyar dawowa tsohon zai maimaita wasan gaba ɗaya a kunnen Jibirin na dama, wanda yake ji da shi.

Baba Hammadu ya rasu da kaka, shekara uku kafin zuwan Shari'a, bayan jinyar kwana tara. 'Ya'yansa suka aiko wa Jibirin da jakar duwatsun, suka ce shi ya yi wasiyya. Daga ranar Jibirin ya bar kara ya koma dutse.

Da aka ce za a ƙaddamar da Shari'a a Kano, yana cikin waɗanda suka cika babbar mota daga Gwarzo. Ya sha rana, ya yi kabbara har muryarsa ta dushe, ya dawo yana ba Ladidi labarin taron da bai taɓa ganin irinsa ba. Bai kawo a ransa abin zai biyo ta gindin tsamiya ba.

Gaskiyar magana, wurin ya riga ya ɗan lalace. Wasu sun mayar da bayan bishiyar wurin karta, kuma ba don nishaɗi suke yi ba, kuɗi suke sawa. Ran nan bayan la'asar sai ga samari biyar, duk ɗaliban Malam Abdulmuttalib. Suka yi sallama, suka durƙusa suka gaida manya, sannan babbansu ya ce an yi shawara kowa ya tashi daga wurin, da masu karta da masu dara.

"Mu me muka sa?" in ji Dabo, ya fusata. "Ka taɓa ganin an ajiye ko ƙwayar gyaɗa a nan?"

"Baba, ku yi haƙuri. In an bar wasu, wasu ma za su ce a bar su."

Kowa ya juya yana kallon Jibirin, tunda ƙanin malaminsu ne. Shi kuwa ya dubi yaran, yaran da aka raɗa wa suna a gabansa, ya ga ba da raini suka zo ba. Ya tsince duwatsunsa ɗaya bayan ɗaya ya zuba a jaka. Da ya waiwayo daga bakin hanya, sai ya ga suna tura ƙasa da ƙafa suna cike ramukan.

Bai je ya sami yayansa ba. Tun suna yara bai saba yi masa musu ba, kuma yana tsoron a ce masa abin da ya shekara goma sha shida yana yi saɓo ne. Sai ya koma zaman gida. Amfanin gona yana rumbu, 'ya'ya sun yi aure, ba abin da ya rasa, amma da an idar da la'asar sai ya rasa inda zai sa kansa. Ya kunna rediyo ya kashe. Ya fita ƙofar gida ya dawo. Abinci ma ya rage ci.

Ladidi ta san wannan zaman, ta gan shi a shekarar da suka baro Kano. Ta ƙyale shi wata biyu. Ran nan yana kishingiɗe sai ya ji ana tono a bayan rumbu. Ya leƙa, ya tarar da ita durƙushe da tsohuwar wuƙa, ta yi ramuka a karkace, wasu manya wasu ƙanana.

"Guda nawa ne ma?" ta ce, ba ta dube shi ba.

"Me kike yi haka?"

"Tambayarka na yi, Malam."

"Talatin."

"To saura takwas. Ɗauko jakar taka. Yau sai na ga abin nan da ya ɗauke mini kai shekara da shekaru."

Ya tsaya yana kallonta, ya ga da gaske take. Ya karɓi wuƙar ya gyara layukan. Ita ta ƙi kara, ta ce yana soke mata hannu, ta ɗebo ƙwallon dabino goma sha biyu.

Farkon abin dariya ne. Takan jera huɗu ta ce ai ta fi uku, a ba ta biyu. Takan tashi tsakiyar wasa ta duba tukunya, ta dawo ta ce ba haka ta bar su ba. In ya ɗauke mata ɗa sai ta ce, "Haba Malam, wannan ɗin? Ɗauki wancan mana." Amma Jibirin ya lura da wani abu: ba ta gaggawa. Takan daɗe tana kallo, haɓa a tafin hannu, kuma nasa duwatsun take kallo. Ya tambaye ta wa ya koya mata haka.

"Shekara nawa na yi ina share zanenka? Kana tsammani ido rufe nake shara?"

Kafin damina ta faɗi ta ci shi wasan farko. Ta yi guɗa ƙasa-ƙasa don kada maƙwabta su ji, ta ce a sake. Shi kuma ya rasa abin da ya fi yi masa daɗi, cin da yake yi mata ko wanda take yi masa. Sun shekara talatin da aure, amma bai taɓa zama da ita fuska da fuska na tsawon sa'a guda ba sai a bayan rumbun nan. A nan ya ji labaran da bai taɓa ji ba: yadda ta tsani ɗakin hayarsu na Kano, da yadda ta yi kuka a ɓoye ranar da suka dawo, ba don baƙin ciki ba, don daɗi.

Wata Laraba suna tsakiyar wasa aka yi sallama, kafin su kintsa sai ga Malam Abdulmuttalib ya shigo, ya zo duba ƙaninsa da ya ji an ce ya rame. Ladidi ta ja mayafi ta durƙusa, tana ƙoƙarin rufe ramukan da gefen zane. Jibirin ya miƙe, duwatsu a hannu, ya rasa inda zai sa su.

"Ku zauna," in ji Malam. "Ku ci gaba, ina so in gani."

Aka kawo masa kujera. Suka ƙarasa wasan. Malam ya kalla har ƙarshe, sannan ya fara tambaya. Ana sa wani abu? Jibirin ya ce ko goro ba a sawa. Akwai jefa wani abu a ga sa'a? Ya ce babu, tunani ne kawai. In an kira salla fa?

"Yaya Malam, ko saura tafiya ɗaya a ci, tashi ake yi. Haka na tarar."

Malam ya shafa gemu. Ya ce ya karanta maganganun malamai a kan wasanni irin wannan, sun yi saɓani, kuma shi bai taɓa zama ya ga yadda ake yin ta ba sai yau. Ya ce da ya kamata ya tambaya tun kafin yara su je. Da zai fita ya tsaya a bakin ƙofa.

"Wa ya ci ne?"

"Ita," in ji Jibirin.

Malam ya yi 'yar dariya, abin da ba kasafai ake gani ba, ya fita.

Bayan sati biyu ya tara ɗalibansa da dattawan tsamiya a zaurensa. Ya ce karta ta kuɗi ba ta dawowa. Masu dara kuwa su koma, da sharaɗin ba sa komai, ba rantsuwa, ba ashar, kuma kiran salla ya tashe su. Dabo ya ce sharaɗi na uku ne kawai zai ba shi wahala.

An sake tona ramukan, amma wuri biyu suka isa. Wasu daga cikin tsofaffin sun rasu, Dabo gwiwa ta hana shi zaman ƙasa, matasa kuma sun sayi babura sun tafi haya birni. Jibirin yakan je ranar kasuwa don kada wurin ya mutu. Sauran ranaku yana gida.

Sun yi shekara goma sha ɗaya suna bugawa shi da Ladidi. A ƙarshe yanar ido ta rufe masa gani, ba ya bambance dutse da ƙwallon dabino sai ya shafa. Ita take faɗa masa inda ta matsa.

"Na biyu daga gefenka, na kai shi hagu."

Ya miƙa hannu ya laluba. "Ladidi, wannan ba nan yake ba ɗazu."

"Nan yake."

"Ki ji tsoron Allah."

"To, na mayar. Dama gwada ka nake yi."

Ya rasu da damina, ranar wata Asabar, bayan ya dawo daga duba gyaɗarsa. Mutanen Garo sun zo gaisuwa su bakwai a mota ɗaya, duk tsofaffi. Ladidi ta yi shekara uku a bayansa. Matan maƙwabta sun sha roƙonta ta koya musu, takan ce sai ta ji sauƙin bayanta, har Allah ya yi mata rasuwa ba ta sake bugawa da kowa ba.